Yadda ake zana bututu mai murɗaɗɗiyar kunya a Revit ba tare da fayil ya yi nauyi ba

Daminar da ta wuce aka kawo wa ofishinmu aikin magudanar ruwa na wani rukunin gidaje a ɓangaren Ikorodu. Duk wanda ya zauna a Legas ya san yadda ruwan Yuni da Yuli yake, idan ya sako ba ya jiran kowa, kuma idan bai sami hanya ba cikin gidaje zai bi. Injiniya ya zaɓi bututun ƙarfe mai faɗin milimita 900, irin mai kunya-kunya a jiki kamar kwanon rufi, sai dai kunyar tasa a murɗe take tafiya kamar zaren noti. Na ja layin a Revit, manhajar zanen gine-gine, ya fito sumul. Oga ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam, wannan ai fayif ɗin famfo ne. Mai aiki yana son ya ga abin da zai biya kuɗinsa." Na ce, "To, ranka ya daɗe, za a gyara." Kwana biyu na yi ina murɗa kunya a kan layin mita 120 gaba ɗaya. Ranar da za a nuna aikin, kwamfutar ta tsaya cik, ko juya hoton ba ya yiwuwa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin aikin daidai yake, nauyinsa ne kawai ya kashe shi.

Daga ranar na raba aikin gida biyu, kuma haka nake koya wa ƙannenmu da ke zuwa wurina a Agege da laftof ɗinsu ranar Lahadi. Bututun da za a yi lissafi da shi daban, rigar da ido zai gani daban. Rigar kuma ba ko'ina ake sa ta ba.

Fara da duba bututun da idonka

Kafin ka taɓa kwamfuta, ka tabbatar bututun naka murɗaɗɗe ne da gaske. Mutane da yawa suna kiran duk bututu mai kunya da suna ɗaya, alhali iri biyu ne. Baƙin bututun roba mai bango biyu da ake yawan gani jibge a bakin titi, sumul a ciki, kunya a waje, galibinsa zobe-zobe ne, kowace kunya da'ira ce mai cin gashin kanta. Na ƙarfe da ake naɗawa daga falle guda, da manyan na roba da ake naɗewa a kan ganga, su ne masu murɗi.

Gwajin ba wuya. Ka ɗauki alli, ka ɗora a kan kunya ɗaya, ka bi ta har ka zagaye bututun sau ɗaya. Idan ka dawo inda ka fara, zobe ne, kuma aikinka ya yi sauƙi, da'ira ɗaya za ka yi ka jera ta. Idan kuwa ka tsinci kanka gaba da inda ka fara, murɗi ne. A nan sai ka ƙirga kunya nawa ne tsakanin farkon allin da ƙarshensa. Wannan ƙirgar ita ce abin da yawancin masu zane suke tsallakewa. Suna ɗauka zare ɗaya ne yake zagaye bututun kamar sifirin, sai su zana shi haka, kunyar ta fito kusan ba karkata, duk wanda ya taɓa sauke irin bututun daga mota kuma zai ce ba shi ba ne. A bututun ƙarfe, fallen da injin yake naɗawa yana ɗauke da kunya da yawa a jere, saboda haka zaruruwa da yawa ne suke tafiya tare, kafaɗa da kafaɗa. Ka kuma lura da hannun da murɗin ya bi, dama ko hagu, ka ɗauki hoto da waya.

Idan kayan bai iso ba tukuna, ka nemi takardar bayani daga mai sayarwa. Abin da kake buƙata: faɗin ciki, tazarar kunya, zurfinta, kaurin ƙarfen, faɗin fallen, da tsawon kowane guntu. Kunyar da aka fi sani a bututun ƙarfe ita ce 68 da 13, wato tazara milimita 68, zurfi milimita 13. Akwai kuma 125 da 25 ta manyan bututu. Ƙa'idojin Amurka da suka shafe shi su ne ASTM A760 da AASHTO M36. Na roba kuwa za ka ga an rubuta SN4 ko SN8 a jikinsa, ƙarfin jure danniya ke nan, a ƙarƙashin EN 13476 ta Turai. Wani abu da ba na zane ba amma ba na iya yin shiru a kansa: idan aikin a Lekki ne ko Ajah ko duk inda ruwan ƙasa yake da gishiri, ka tambayi injiniya wane irin shafe aka yi wa ƙarfen. Gishiri yana cin ƙarfe mai ruwan tutiya da sauri fiye da yadda ake zato.

Lissafin murɗin

Lambobi uku kake nema, kuma duk daga alwatika ɗaya suke fitowa. Ka yi tunanin ka tsaga bututun a tsaye ka shimfiɗa shi kamar tabarma. Faɗin tabarmar shi ne kewayen bututun. Fallen ya ratsa ta a karkace.

Mu ɗauki misalin bututunmu. Faɗi milimita 900, kewaye ke nan 2827. A ce falle yana da kunya 9, kowace 68, faɗinsa 612. Ka raba 612 da 2827, ka sami 0.2165. Wannan shi ne sayin na kusurwar murɗin, kusurwar kuwa digiri 12.5 ce. Sai taku, wato nisan da zare ɗaya yake ci gaba idan ya zagaye sau ɗaya: ka raba 612 da kosayin na 12.5, ya ba ka 627. Na uku, tazarar kunya idan an auna ta a bin tsawon bututun: 627 a raba 9, wato 69.7. Ka ga ta ɗan fi 68 ɗin da ke takarda, domin ita takardar a gicciyen kunyar ta auna, kai kuma a bin tsawo za ka jera.

Ka riƙe waɗannan: 12.5, 627, 69.7. Idan faɗin ya sauko zuwa 600 da falle iri ɗaya, kusurwar tana hawa zuwa kusan digiri 19, takun ya koma 647. Shi ya sa ƙananan bututu suka fi manya nuna karkata.

Bututun gaskiya

Revit ba ya ba ka damar sa kunya a jikin bututunsa na asali. Bututun nan silinda ne kawai, haka aka gina manhajar, kuma kada ka ɓata lokaci kana neman maɓallin da zai canza haka. Amma shi ne yake sanin gangara, shi ne yake shiga jadawalin ƙidaya, shi ne yake haɗuwa da ramin duba ruwa. Don haka da shi za ka ja layin duka.

Ka shiga Manage, ka buɗe MEP Settings, sannan Mechanical Settings, ka gangara zuwa Segments and Sizes. Ka ƙirƙiri sabon sashe, ka ba shi sunan da kowa zai gane, ka zaɓa masa ƙarfe. Ka ƙara girma: na suna 900, na ciki 900, na waje kuma ka haɗa da kunyar. Zurfi 13 sau biyu, kauri 2 sau biyu, ya zama 930. Wannan lambar ta waje tana da muhimmanci, domin da ita za a gane ko bututun zai gogi harsashin katanga ko wayar wuta da aka binne. Daga nan ka kwafi wani nau'in bututu, ka shiga Routing Preferences ka ɗora masa sashen da ka ƙirƙira. Ka kwafi tsarin Sanitary ka sa masa sunan ruwan sama. A ƙarƙashin Slopes ka ƙara gangarar da injiniya ya bayar, misali kashi 0.5 cikin ɗari, wato faɗuwar mita 1 a kowace mita 200. A Legas, inda wani filin shimfiɗe yake kamar faranti, santimita biyar tana iya raba ruwa mai tafiya da ruwa mai kwanciya, saboda haka ka duba tsayin ƙasan cikin bututun a kowane rami da kyau.

Za ka ga wani gurbi na kaushin bango a wannan shafin. Ba lambar Manning ba ce, wadda ake auna kaushin magudana da ita, na lissafin bututu mai matsi ne. Lissafin ruwan da ke gangara da kansa a waje ake yin sa, kuma a can kunya tana da tasiri sosai: ƙarfe mai kunyar zobe ta 68 da 13 ana ba shi lambar Manning 0.024, kusan ninki biyu na bututu mai sumul ɗin ciki da ke wajen 0.012. Wannan hurumin injiniya ne, amma ya kamata mai zane ya sani, don kada wani ya ce a musanya wannan da wancan tunda faɗinsu ɗaya.

Zagaye ɗaya na murɗi

Yanzu rigar. Za ka yi famili uku, ɗaya cikin ɗaya. Famili shi ne ƙaramin fayil na Revit da ake gina kaya a ciki, sannan a loda shi cikin aiki.

Na farko shi ne siffar kunyar. Ka buɗe sabon famili da samfurin Metric Profile, ka zana kunya ɗaya kamar an yanka ta: tsawonta 69.7 a tsaye, tudunta 13 a kwance. Idan daga waje kawai za a ga bututun, tudu mai cikakken ciki ya isa, baka ɗaya da layi ɗaya. Idan kuwa bakin kwalbati ne da za a leƙa cikinsa, ka zana igiyar gaba ɗaya, tudu da kwari, da kaurinta na milimita 2. Kada ka bi ƙananan lanƙwasa na ɗinkin fallen. Revit ba ya karɓar layin da ya gaza kimanin milimita 0.8, kuma ko ya karɓa ba wanda zai gani.

Na biyu shi ne zagayen. Ka buɗe Metric Generic Model, ka loda siffar da ka yi. A nan bututun a tsaye za ka ɗauke shi tukuna, kamar rijiya. Ka zaɓi Swept Blend, ka zana hanyarsa a shimfiɗar ƙasa: rabin da'ira, cibiyarta a mahaɗar layukan tsakiya, rabin faɗinta 450, ka ɗaure shi da faramita, wato ma'auni mai suna da ake iya canza lambarsa. Rabi za ka yi domin wannan kayan aikin hanya mai gaɓa ɗaya kawai yake karɓa, kuma yana buƙatar baki biyu. A bakin farko ka zaɓi siffar kunyar, a baki na biyu ma ita. Asirin duka yana cikin gurbin Vertical Profile Offset. Na bakin farko ka bar shi sifili, na baki na biyu ka ɗaga shi da rabin taku, 313.5. Idan ka gama ka duba a hoto mai jiki, za ka ga kunyar tana hawa a hankali yayin da take zagayawa. Rabin murɗi ke nan.

Ga inda na ga mutane da dama sun faɗi, har da wani ƙanena ɗalibin Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, da ya zo mana koyon aiki. Ya kira ni ya ce, "Yaya, rabi na biyun ya ƙi haɗuwa, saukowa yake yi maimakon ya hau." Na duba, ashe Mirror ya danna. Madubi yana juya hannun murɗi, na dama ya koma na hagu, kamar yadda hannunka yake komawa idan ka tsaya gaban madubi. Kwafa za ka yi, ka juya kwafin digiri 180 a kan cibiya, sannan ka sa bakinsa na farko a rabin taku, na biyun a cikakken taku. Sai su haɗu ba tare da gaɓa ta nuna ba. Idan hannun murɗin ya saɓa da hoton da ka ɗauko daga wurin aiki, ka musanya ɗagawar tsakanin bakunan biyu.

Kada ka rubuta lambobin da hannu, ka bar Revit ya yi lissafin. A Family Types ka ƙirƙiri Fadi, Falle, Taku da Tazara a matsayin tsawo, Zare a matsayin cikakkiyar lamba, Kusurwa a matsayin kusurwa. Ni ba na sa haruffa masu lanƙwasa a sunayen faramita, saboda abokan aikin da allon rubutunsu ba shi da su. Ga dabarun:

Kusurwa = asin(Falle / (pi() * Fadi))
Taku = Falle / cos(Kusurwa)
Tazara = Taku / Zare

Ka kula, manhajar tana bambanta babban harafi da ƙarami a cikin waɗannan sunaye. Kafin ka rufe, ka shiga Family Category and Parameters, ka kunna Work Plane-Based, ka kashe Always Vertical. In ba haka ba zagayen zai ƙi kwanciya.

Jerawa

Famili na uku shi ne bututun mai tsawo. Ka buɗe wani Metric Generic Model, ka yi layukan tunani (Reference Plane) biyu, farko da ƙarshe, da faramitar Tsawo a tsakaninsu. Ka yi gangar jiki da Extrusion, da'ira biyu, ciki da waje. Ka loda zagayen, ka saita filin aiki a kan layin farko, ka ɗora shi, zai kwanta a bin tsawon bututun. Ka haɗa faramitocinsa da na wannan famili.

Sai Array, a miƙe, da Group and Associate a kunne, da zaɓin 2nd. Wace tazara za ka ba shi? Hankali zai ce taku, 627, tunda a nan zagaye yake ƙarewa. Idan ka yi haka zare ɗaya kawai za ka samu, da fili fetal a tsakani. Tazarar 69.7 za ka ba shi. Ka duba yadda abin yake: zagaye na 1 ya ƙare a 627, daidai inda zagaye na 10 ya fara, na 2 ya miƙa wa na 11, haka har ƙarshe. Da jeri ɗaya tak ka sami zaruruwa tara duka. Ka kulle na farko da na biyu a kan layukan tunani, ka sa wa adadin faramita:

Adadi = rounddown((Tsawo - Taku) / Tazara) + 1

A tsoffin fitowar Revit jeri ba ya yarda ya gaza biyu, famili zai fashe idan bututun ya yi gajarta. Ka tsare shi da wata faramita mai sharaɗi, wadda za ta mayar da adadin 2 duk lokacin da lissafi ya faɗi ƙasa da haka.

Za ka lura bakunan biyu ba su cika ba, akwai wani yanki mai siffar alwatika da kunya ba ta rufe ba. Ni ina tura wannan ɓangaren cikin bangon kwalbati ko cikin ƙasa. Idan dole bakin ya fito fili, ka tuna masana'antu da yawa suna sake murza bakin bututun ya koma zobe-zobe don maɗaurin haɗi ya kama, saboda haka 'yan zobba a ƙarshen ba ƙarya ba ne, in dai haka naka yake.

Yanzu ka gwada shi. Ka canza Fadi zuwa 600, ka ga ko kusurwa ta koma wajen 19, taku 647. Ka ja Tsawo ya yi mita 2, ya yi mita 6. Idan wani abu ya zame daga wurinsa, kulle ne bai kama ba, ka gyara tun a nan, kafin ya shiga aikin mutane.

Ka yi wannan lissafin kuma ka gani da idonka. Guntu ɗaya na mita 6 yana cin zagaye 78, kowane da jiki biyu, 156 ke nan. Layina na mita 120 guntu 20 ne, jiki 3,120 masu lanƙwasa, kowannensu kwamfuta sai ta lissafa gefensa duk lokacin da aka motsa hoto. Abin da ya tsayar da tawa ke nan.

Inda za a sa rigar

Ka zaɓi zagayen da ke cikin famili, ka shiga Visibility Settings, ka bar shi a Fine kawai, wato matakin nuni mai cikakken bayani. Ka ƙara masa faramitar e ko a'a don kunnawa da kashewa. Wannan yana sauƙaƙa nuni, amma bai cire nauyin daga fayil ba, jikin yana nan ko an ɓoye shi. Maganin gaskiya shi ne ƙaranci. Bakin kwalbati, mashigar ramin duba ruwa, yanki ɗaya da aka buɗe don nuna shimfiɗar yashi da cikon ƙasa, waɗannan su ne wuraren da mai aiki zai kalla. Sauran layin a binne yake, a hoto ma a binne zai kasance.

Don rigar ta bi gangara, ka buɗe yanke na tsawon layin, ka ja layin tunani a kan tsakiyar bututun, ka ba shi suna, ka ɗora famili a kansa. Ka bar shi a rukunin Generic Models, kada ka sa masa mahaɗin bututu, don kada mai ƙidayar kaya ya ƙirga mita ɗaya sau biyu. A hoton da za a nuna kuma ka ɓoye bututun asali, domin faɗinsa na waje 930 ne, zai haɗiye kunyar gaba ɗaya ka rasa inda ta shiga. Idan wuraren sun yi yawa, ka kwashe su zuwa fayil na daban ka haɗo shi ta Link, wanda ba ya buƙata ya sauke shi. Haka kuma idan za ka tura wa injiniyan gini ko na wuta don duba karo, bututun asali kaɗai za ka tura.

A zanen takarda, wanda shi ne zai je wurin neman izini da hannun ɗan kwangila, ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan. Ka yi ƙaramin Detail Item mai layi ɗaya a karkace da digiri 12.5, ka jera shi da Repeating Detail a tazarar 70. A ma'aunin 1:50 ba mai iya bambanta shi da na gaske.

Idan ka saba da Dynamo

Da Dynamo, kayan aikin tsara umarni da ke tare da Revit, hanyar ta fi gajarta, kuma tana yanke baki tsaf. Helix.ByAxis yana neman abu biyar: cibiya, alkiblar tsawo, wurin farawa a jikin bututun, taku, da yawan juyi. Juyin da digiri ake ba shi, ba da adadin zagaye ba, saboda haka zagaye goma 3600 ne. Wanda ya rubuta 10 zai ga ɗan guntun layi ya ɗauka abin ya lalace. Ka ɗora siffar kunyar a farkon layin, ka ja ta da Solid.BySweep, ka kwafa har su zama tara da Geometry.Translate a tazarar 69.7. Ka fara murɗin taku ɗaya kafin bakin, ka wuce ƙarshe da taku ɗaya, sannan ka datse rarar da Geometry.Intersect da akwati mai tsawon bututun. DirectShape.ByGeometry zai shigar da shi cikin aikin, amma abin da ya shigo ba ya gyaruwa da faramita, kuma sau da yawa yana zuwa da layukan alwatika birjik a jikinsa. Idan faɗi ya canza sai ka sake gudanar da komai. Ni ina amfani da shi ne don guntu ɗaya na nuni, sauran kuma famili.

Kafin ka rufe, ka gudanar da Purge Unused don kwashe gwaje-gwajen da ka loda ka watsar, ka ajiye famili ukun a babban fayil ɗaya da takardar mai sayarwa da hoton allin da ka ɗauka. Ka riƙa ajiye aiki kafin kowace jerawa mai yawa, domin lokacin da kwamfuta take fama da zagaye saba'in da wani abu ba za ka iya danna komai ba, kuma idan wuta ta ɗauke a daidai nan, daga ajiyar ƙarshe za ka sake tasowa.